Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Zuwa Ga Ministan Sadarwa A Kan Rabon Karaye Da Rogo A Zangunan Iska

Zuwa ga Mai Girma Ministan Sadarwa, Dakta Bosun Tijani, Abuja.

Ranka ya daɗe,

 

Ni dattijo ne daga ƙasar Karaye, a yammacin Jihar Kano, na ƙare ƙarfina ina koyarwa a makarantun firamare na tsakanin Karaye da Rogo har na ajiye alli. Ban karanci ilmin na'ura ba. Abin da na sani game da wannan mas'ala na tsinto shi ne daga rediyo da jaridu, da kuma bakin waɗansu yaran da na koya wa baƙi da wasali, waɗanda yau suka zama injiniyoyi, suka zauna suka warware mini abin da ya shige mini duhu, ina ta maimaita tambaya har na gamsu. Kafin in kai ga rubuta maka a bainar jama'a, ni da waɗansu dattawa mun bi ta ƙofofin da aka saba bi: mun rubuta takarda har sau biyu, mun tashi wakilai sun tafi birni da kuɗin motar da muka tara a tsakaninmu, an karɓe su da fara'a, an ba su wurin zama, an ce za a duba. Damina biyu ke nan ba mu ji amsa ba. Ladabin da aka koya mana shi ne, wanda ya yi sallama a ƙofa ba a amsa masa ba ya juya; to, mun juya, amma buƙatar da ta kai mu tana nan inda take, don haka na ga babu abin da ya rage sai in rubuta a inda kowa zai gani.

Na san Hukumar NBC, wadda aka kafa a 1992 don kula da gidajen rediyo da talabijin, tana ƙarƙashin Ma'aikatar Yaɗa Labarai ne. Amma dokar sadarwa ta 2003 ta kafa majalisar da ke raba zangunan iska na ƙasa baki ɗaya, wadda ke ware wa NBC nata, ta ware wa Hukumar NCC mai kula da kamfanonin waya nata, kuma Ministan Sadarwa ne shugabanta. Watau igiyar awon tana hannunka, shi ya sa na nufo ka.

Ka yi mini haƙuri in faɗi abin da ka riga ni sani, domin wasiƙar a buɗe take, mutanena za su karanta ko a karanta musu. Mu da muka tashi da rediyo mun san gajeren zango da matsakaicin zango, mun san kowace tasha tana da mitarta, kuma idan biyu suka haɗu a mita ɗaya sai su yi ta cin juna, babu wadda za a ji. Haka iska take ga talabijin da wayar hannu: fili ce mai iyaka, ido ba ya ganin ta, amma ana auna ta ana yanka ta fegi-fegi kamar yadda ake yanka gona. A tsohon tsari, tashar talabijin ɗaya takan cinye fegi guda mai faɗin megahaz 8, kana a bar mata sarari a gefe don kada maƙwabciya ta shiga mata. A sabon tsari na dijital kuwa, wannan fegi ɗaya yana iya ɗaukar tashoshi goma sha biyar ko fiye. Da ƙasashen duniya suka ga haka, sai suka yi ittifaƙi a kan a tattara talabijin a gefe guda na filin, a kuɓutar da sauran, a ba masu wayar hannu su shimfiɗa intanet mai sauri. Babban taron ƙungiyar sadarwa ta duniya, ITU, na shekarar 2007 ya keɓe daga megahaz 790 zuwa 862 domin wannan, tarukan 2012 da 2015 kuma suka ƙara da daga 694 zuwa 790.

Duk Bakanon da ya kai shekaruna yana tuna CTV 67, gidan talabijin ɗin da gwamnatin marigayi Alhaji Muhammadu Abubakar Rimi ta kafa, wanda yau ake kira ARTV da sunansa. Ina tuna yadda akan ɗaure eriya a kan doguwar gora, a jona talabijin da batirin mota, yara su cika ƙofar gida bayan sallar isha, wani ya fita yana juya gorar ana gaya masa daga ciki ya ƙara ko ya rage har hoto ya zauna. Da yawanmu mun ɗauka lambar nan 67 ado ce a jikin suna. Ashe lambar fegin da aka yanka wa tashar ce, kuma a lissafin injiniyoyi fegi na 67 yana tsakanin megahaz 838 da 846, a cikin filin nan da duniya ta ce a mayar wa intanet. Na kawo wannan don a gane gonar da ake sake rabawa tamu ce, a cikinta muka fara ganin Bahaushe yana magana da Hausa a akwatin talabijin. Kuma ina so ka sani tun daga farko, ranka ya daɗe, ba na adawa da sake rabon. Fegin da zai ɗauki tasha ɗaya, in zai iya ɗaukar karatun yara dubu da cinikin manoma dubu, to maslaha ta hukunta a canja masa aiki. Kukana a kan yadda ake tafiyar da rabon ne, da kuma waɗanda ake mantawa da su a cikinsa.

Kuka na farko shi ne saɓa wa'adi. A birnin Janeba, a 2006, Nijeriya ta shiga yarjejeniyar da ta sa ranar 17 ga Yuni 2015 ta zama ranar barin tsohon tsari. Ƙasarmu ta ma ɗaukar wa kanta wa'adin da ya riga wannan, 17 ga Yuni 2012, ya zo ya wuce. Na 2015 ya zo ya wuce. Aka sake sa watan Yuni 2017, shi ma ya bi sahun 'yan'uwansa. An yi gwajin farko a Jos ranar 30 ga Afrilu 2016, aka zo Abuja a Disambar wannan shekara, Ilorin da Kaduna a Disambar 2017, Inugu da Oshogbo a farkon 2018, sa'an nan aka yi shiru na shekara uku kafin a kai Legas a Afrilun 2021, a kai Kano a Nuwambar 2021. Wurare takwas ke nan cikin shekara biyar da rabi, a ƙasa mai jiha 36 da babban birni. A wannan tsakani Tanzaniya ta fara kashe tsohon tsarinta tun ƙarshen 2012, Ruwanda ta gama a 2014, Kenya ta bi a 2015, alhali babu ɗayansu da ta fi mu dukiya ko masana. Hasarar jinkiri ba ta tsaya ga kuɗi ba: duk wa'adin da hukuma ta sa ta saɓa, yana rage nauyin maganarta a kunnen talaka, har ya kai ga in an yi shela ta gaskiya ma sai a ce ai mun saba ji.

Na biyu shi ne, an buɗe sabon tsarin a Kano, amma Kano ba birni ce kaɗai ba. Ministan Yaɗa Labarai na lokacin, Alhaji Lai Mohammed, ya zo an yi biki, an bayyana tsarin da aka sa wa suna FreeTV, wanda mutum zai sayi dikoda ya biya ɗan kuɗin shekara ya kalli tashoshi masu yawa. Madalla da wannan. Sai dai jihar tana da ƙananan hukumomi 44, kuma Rogo tana can ƙuryar jiha, kafaɗa da kafaɗa da Katsina da Kaduna, Karaye tana gabanta kaɗan. Akwai kuwa wata ɗabi'a ta dijital wadda ba a cika faɗa wa mutane ba, kuma mu na nesa ita ta fi shafa. Tsohon tsari yana da sassauci ga na gefe: idan ka yi nisa da tasha hoto yakan yi yayyafi, ya yi rawa, amma kana ganin mai labarai kana jin abin da yake faɗa. Dijital ba shi da wannan tsaka-tsaki. Ko dai hoto ya fito garau, ko ya daddatse ya tsaya, ko allon ya yi baƙi ƙirin. Saboda haka ƙauyen da ya yi shekara arba'in yana lallaɓawa da hoto mai yayyafi, ran da aka kashe tsohuwar na'ura zai iya wayan gari babu komai, sai fa idan an riga an kafa ƙananan tashoshin ƙarin ƙarfi a kusa da shi. Mai hali a cikinmu ya riga ya ɗaura dish ya sayi risiba da sola, matasa kuma suna da gidan kallo. Wanda nake yi wa magana shi ne mai eriya da tsohon akwati, wanda ba a taɓa tambayar sa ba, kuma shi ne mafi yawa a cikin masu talabijin na karkara. Ko Amurka, da duk arzikinta, ba ta kashe tsohon tsari a 2009 ba sai da ta raba wa gidaje takardun rangwame na dala 40 don su sayi dikoda.

Na uku ya shafi kuɗi, kuma zan taƙaita. A 2015 Hukumar NBC ta ba kamfanin MTN wani yanki na zangon 700 a kan naira biliyan 34, da hujjar cewa da kuɗin za a yi aikin ƙaura zuwa dijital. A 2024 an sanar cewa Shugaban Ƙasa ya amince da wata naira biliyan 10 domin wannan aiki dai. Ba na tuhumar kowa, domin tuhuma ba tare da shaida ba zalunci ce. Amma wanda aka ba amanar sayar da kayan jama'a wajibi ne ya karanta wa jama'a lissafi ko ba su nema ba: nawa aka karɓa, dikoda nawa aka saya, tashoshi nawa aka kafa, a waɗanne garuruwa. Ko kwamitin masallacin unguwa yakan tashi bayan sallar Juma'a ya karanta abin da ya shiga da abin da ya fita.

Na huɗu shi ne gundarin wasiƙar, kuma a kansa nake roƙon ka tsaya ka saurare ni da kyau. Zangunan iska ba darajarsu ɗaya ba, kamar yadda gona take da jigawa da fadama. Zango mai ƙaramar lamba, irin 700 da 800, yana tafiya nesa, yana ratsa bishiyoyi da katangar ƙasa, har ƙarfen sabis ɗaya ya ishi ƙauyuka da yawa. Mai babbar lamba kuwa, irin 3500 ɗin nan da aka yi gwanjonsa a Disambar 2021 domin 5G, inda MTN da Mafab kowanne ya biya dala miliyan 273.6, yana ɗaukar kaya mai yawa amma numfashinsa gajere ne, sai an jera ƙarafuna kusa da kusa, wanda hakan ba ya biyan kuɗinsa sai a cikin birni mai cunkoso. Ashe ke nan filin da ake karɓewa daga talabijin shi ne wanda halittarsa ta fi dacewa da irin ƙasarmu, inda gari yake nesa da gari, tsakanin Zarewa da Fulatan, ko Beli da Ruwan Bago, ko Turawa da Yammedi, gonaki ne da rafuka da rugage. Idan aka sayar da wannan fadama ba tare da sharaɗi ba, mai saye zai fara shuka ta a Legas da Abuja da cikin birnin Kano, inda zai ƙara wa mai sabis sabis, mu kuwa a bar mu sai ran da hali ya yi. Ban ga laifin kamfani a nan ba. Ɗan kasuwa inda kasuwa ke ci yake kai kayansa, kuma babu wanda ya taɓa ganin fatake sun yada zango inda babu mai saye. Aikin mai mulki ne ya rubuta a cikin takardar ciniki abin da riba kaɗai ba za ta sa a yi ba.

Kuma wannan ba bidi'a ba ce, an yi a wasu wurare. Lokacin da Jamus ta yi gwanjon zangon 800 a 2010, ta ɗaure masu saye da sharaɗin su fara da garuruwan da mutanensu ba su kai 5,000 ba waɗanda ba su da intanet mai sauri, kuma ba za su matsa zuwa mataki na gaba ba sai sun isar wa kashi 90 cikin ɗari na mutanen matakin farko. Manyan birane su ne na ƙarshe a layi. Kamfanonin ba su gudu ba, hasali ma hanzari suka yi su gama da ƙauyuka domin su isa inda ribar take. Birtaniya kuma, a gwanjon 2013, ta ɗora wa ɗaya daga cikin lasisin zangon 800 sharaɗin isar wa kashi 98 cikin ɗari na jama'a har cikin ɗakunansu kafin ƙarshen 2017.

Mu ma a wurinmu hukuncin ba baƙo ba ne. Malamanmu na fiƙihu sun karantar da mu cewa akwai abubuwan da mutane suke tarayya a cikinsu, kamar ruwa da makiyaya, waɗanda shugaba yake riƙe da su a matsayin wakili, ba mai mallaka ba. Sun kuma karantar da mu cewa idan shugaba ya yanka wa wani fili don ya raya shi, sai ya killace ya bar shi a mace, to ana karɓewa a ba wanda zai raya. Sayyidina Umar, Allah ya ƙara masa yarda, ya karɓe daga hannun Bilal ɗan Harisu abin da ya kasa nomawa na filin Aƙiƙ, ya raba wa jama'a, duk da girman wanda ya yanka masa filin tun asali. Ni ba mai fatawa ba ne, amma ƙiyasin a bayyane yake: lasisin da ya ba kamfani zango a faɗin Nijeriya duka, alhali a Zoza ko Kafin Dabga zangon yana nan a kwance babu mai amfani da shi, kuma doka ta hana wani ya taɓa shi, killacewa ce ba rayawa ba. Wanda ya riƙe ya yi aiki da shi cikin wa'adi sananne, ko ya saki ga wanda zai yi.

Kada a ɗauka mu 'yan kaɗan ne. A ƙidayar 2006 Karaye ta haura mutum dubu 140, Rogo ta haura dubu 220, kuma yaran da aka haifa a shekarar ƙidayar yau sun isa aure. Tsarin intanet na ƙasa na 2020 zuwa 2025 ya yi alkawarin kai intanet mai sauri ga kashi 70 cikin ɗari na jama'a, da saurin megabit 10 a karkara, da farashin da bai wuce naira 390 a kan gigabait ɗaya ba. Lissafin NCC da kanta ya nuna an tsaya a wajen rabi, kuma kowa ya san a wane rabin muke.

Na biyar shi ne, hukuma da kanta ce ta mayar da intanet farilla a kanmu, sa'an nan ba ta kawo mana abin da za mu sauke farillar da shi ba. Tun 2015 jarrabawar JAMB ta koma kan kwamfuta gaba ɗaya, yaron da bai taɓa riƙe linzamin kwamfuta ba yana gasa da wanda ya tashi da ita a ɗaki. Tun Disambar 2020 aka ce kowane layin waya sai an haɗa shi da lambar NIN. A zaɓen 2023 an ce daga rumfar zaɓe za a aika da hoton sakamako ta intanet. A farkon wannan shekara ta 2023 ɗin, lokacin canjin kuɗi, da takardun naira suka ɓace aka ce kowa ya koma tura kuɗi ta waya, na ga abin da ba zan manta ba a wata kasuwar ƙauye: dattijo ya kawo buhun masara biyu, ya sami mai saye, sun yi ciniki, mai saye ya tura kuɗi, suka zauna a gindin bishiya tun hantsi har la'asar suna jiran saƙon shigar kuɗin, mai POS yana ɗaga na'urarsa sama yana zagaya kasuwa yana neman sabis, daga ƙarshe dattijon ya ɗora masararsa a kan babur ya koma gida, alhali maganin matarsa ya zo saye. A Janairun 2025 an amince wa kamfanoni su ƙara kuɗin kira da data da kashi 50 cikin ɗari, kuma ƙarin bai bambance tsakanin mai sabis cikakke da wanda sai ya hau tudu ko ya fita bayan gari kafin saƙo ya tafi ba. Farashi ɗaya muke biya da mutumin Abuja, mudun da ake auna mana ne ba ɗaya ba.

Ga shi kuwa ƙasa ce mai abin sayarwa. Rake da mazarƙwaila, masara da dawa, shinkafa, kayan lambun rani da kifin da ake kamawa a madatsar Challawa, duk suna fita daga nan, kuma manomin da bai san farashin kasuwar Dawanau ba kafin ya sallama kayansa, dillali ne yake yanka masa farashi. Sansanin masu yi wa ƙasa hidima na Jihar Kano yana Kusalla, a nan Karaye, inda matasa daga kowace kusurwar Nijeriya suke sauka. Da idanunsu suke ganin yadda muke, su koma su ba da labari.

Zan ambaci madatsar nan sau ɗaya, domin ita ce dalilin da ya sa dattawanmu suke ɗari-ɗari da duk maganar da aka fara da cewa maslahar ƙasa ce. Da aka gina ta, aka kammala a 1992, gonaki da gidaje sun tafi ƙarƙashin ruwa, mutane suka tashi suka ba da wuri, ruwan kuma yana gangarawa yana shayar da na ƙasa da mu. Ba mu yi da-na-sanin bayarwa ba. Amma mun koyi cewa wanda ya ba da wuri, in bai nemi a rubuta rabonsa tun kafin a fara aiki ba, bayan an gama sai dai ya yi ta bin ofisoshi. Abin da muke tsoro yanzu shi ne a yi mana biyu babu: a kashe tsohon talabijin kafin sabon ya iso, zangon da aka kuɓutar kuma ya tafi birni.

Saura magana ɗaya game da tashoshin kansu. A sabon tsari gidan talabijin ba shi ne mai watsa shirinsa ba. Yakan miƙa shi ga kamfanin rarrabawa, wanda ke ɗaukar tashoshi da yawa a fegi ɗaya, a biya shi. Wannan yana rage tsada, amma yana kuma mayar da ƙofofi da yawa ƙofa ɗaya, mai riƙe da makullinta yana iya shigar da wanda ya so ya bar wanda bai iya biya ba. Mun ga a Agustan 2022 yadda aka sanar da soke lasisin tashoshi 52 a rana ɗaya saboda bashi, cikinsu har da na gwamnatocin jihohi, kafin a dakatar da hukuncin. Ƙaramar tashar da ke watsa tafsiri da shirin noma da sanarwar rigakafi da Hausa ko Fulatanci ba za ta iya gasar kuɗi da masu ƙwallo da finafinan waje ba, alhali ita ce mai amfani ga tsohuwar da ba ta jin Turanci. Mun kuma ji cewa NBC da kamfanin NIGCOMSAT suna shirin bi ta tauraron ɗan'adam don a isa ko'ina a lokaci guda. In hakan zai kawo hoto Gwangwan da Jajaye, muna maraba. Sai dai a gaya mana nawa dish da risiba za su ci, wa zai ɗauki nauyin marar hali, kuma mene ne makomar wanda ya riga ya sayi dikoda bisa ga shelar hukuma.

Saboda haka, ranka ya daɗe, ga abin da muke roƙo, cikin ladabi da kyakkyawan zato. Muna roƙon duk wani yanki na zangon 700 ko 800 da za a sayar nan gaba, ko a sabunta lasisinsa, a rubuta masa sharaɗin farawa da karkara, a ambaci ƙananan hukumomi da sunayensu da wa'adin kowacce, yadda mutumin Rogo zai iya duba takarda ya ce shekara kaza aka yi mana alkawari; wanda kuma ya riƙe zango bai yi aiki da shi a wani yanki ba, a ba shi wa'adi, in ya wuce a buɗe wa wani. Muna roƙon kada a kashe tsohon tsari a yammacin Kano sai an turo masu awo sun zagaya mazaɓun Karaye da Rogo ɗaya bayan ɗaya, sun tabbatar da sabon yana isowa, an buga sakamakon da Hausa an karanta a rediyo, an kuma tanadi rangwamen dikoda ga gidajen da ba su da hali. Ka yi magana da takwaranka na Yaɗa Labarai a tabbatar wa ARTV da NTA Kano da sauran tashoshin gida gurbi a sabon tsarin wanda ba a toshe shi da kuɗin wata ba, a kuma fitar da lissafin kuɗin da aka riga aka karɓa da sunan wannan aiki.

Muna kuma roƙon a duba fegin talabijin da ke kwance babu tasha a kansu, waɗanda a irin yankinmu su ne suka fi yawa, a ba ƙananan kamfanoni da ƙungiyoyin gari izinin kai intanet da su zuwa makarantu da asibitocin karkara, kamar yadda aka gwada a Nanyuki ta ƙasar Kenya tun 2013. Asusun USPF, wanda dokar 2003 ta kafa musamman domin wuraren da kasuwa ba ta kai wa, muna roƙon ya sa Karaye da Rogo a lissafinsa. Haka nan ƙarafunan sabis 7,000 da aka ce za a kafa a karkara, da wayar faiba mai tsawon kilomita 90,000 da ma'aikatarka take shirin shimfiɗawa, a nuna mana a taswira ta inda za su bi, domin ƙarfen da babu faiba ko wuta a gindinsa ba ya daɗewa yana aiki.

Roƙo na ƙarshe shi ne mafi sauƙi. Ka turo wakili, ko ka zo da kanka in hali ya yi, a zauna a fadar Mai Martaba Sarkin Karaye, tare da hakimai da dagatai da malamai da manoma da shugabannin mata, a yi bayanin wannan al'amari da harshen da muke ji, mu yi tambaya a ba mu amsa. Za mu shimfiɗa tabarma, kuma za mu kai baƙonmu duk ƙauyen da ya so ya gwada wayarsa da hannunsa.

Allah ya ba ka ikon sauke amana, ya sa ka gama lafiya. Wassalam.

Naka mai biyayya,
Tsohon malamin makaranta,
Karaye, Jihar Kano.